Kada A Bar Jaki A Doki Taiki: Eriyar Rifita Da Akwatin Daidaitawa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai da kawowa tsakanin masu sha'awar rediyo a Amurka da Ingila da sauran ƙasashen da wannan sha'awa ta yi ƙarfi, har yau kuwa da wuya wata ƙungiya ta kafa rifita ba a sake tayar da ita ba. Ga yadda takan taso. Ƙungiya ta tara 'yan kuɗinta ta sayi kayan aiki, sa'an nan ta sami wata tsohuwar eriya da wani kamfani ya sauke, aka ba ta kyauta ko da araha. Aka sha wahala aka ɗora ta bisa hasumiya. Da aka sauko aka kunna na'ura, sai allurar ma'auni ta nuna eriya ba ta jitu da sauran kayan ba. Kowa ya ɗaga kai ya dubi tsawon hasumiya, gwiwa ta yi sanyi. Can sai wani ya ce, "Ai ina da akwatin daidaita eriya a gida. Mu haɗa shi nan ƙasa, mu murɗa har allura ta kwanta, kowa ya huta."

Shawarar tana da daɗin ji, gama ba hawa, ba kashe kuɗi. Amma mu a ganinmu barin jaki ne ana dukan taiki, kuma muna so mu nuna wa mai karatu dalili da lissafi, don kada a ce son zuciya ne. Kafin mu shiga, bari mu share fage saboda waɗanda ba su san wannan harka ba.

MENE NE RIFITA?

Masu sha'awar rediyo mutane ne da hukuma ta jarraba saninsu, ta ba su lasin da lambar kira, suna magana da junansu ta iska ba don neman kuɗi ba. Ƙungiyarsu ta Amurka, watau ARRL, an kafa ta a cikin 1914, ta duniya kuwa, IARU, an kafa ta a birnin Paris a cikin 1925. Lambar kiran na Nijeriya tana farawa da 5N, ta na Jamhuriyar Nijar da 5U.

Cikin zangunan da aka keɓe musu akwai wanda suke kira zangon mita 2, wanda a Afirka da Turai ya kama daga megahaz 144 zuwa 146, a nahiyar Amurka kuwa har zuwa 148. Taguwar wannan zango halinta kamar na haske ne, miƙe take tafiya, in dutse ya tare ta sai ta raunana ko ta tsaya. Saboda haka mai riƙe da oba-oba a hannu ba ya wuce 'yan mil kaɗan. Maganin wannan ita ce rifita, watau na'urar da ake girkewa bisa dutse ko doguwar hasumiya, tana da kunne tana da baki. Ta ji magana a layi ɗaya, nan take ta maimaita ta da ƙarfi a wani layin dabam, sai ga mai ƙaramin rediyo ana jinsa a nisan mil da yawa. A zangon mita 2, tazarar da ke tsakanin layin kunne da layin baki kilohaz 600 ce kawai, kuma galibi eriya ɗaya suke tarayya a kanta. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan, gama nan ne gizo ke saƙa.

Wani mai suna Art Gentry ya kafa ɗaya daga cikin rifitocin farko a Los Angeles a cikin 1956, ta farko a Ingila kuwa, mai lamba GB3PI, ta soma aiki a yankin Cambridge a cikin 1972. Kada kuma a ɗauka abin na hira ne kaɗai. A watan Satumba na 2024, da guguwar Helene ta afka wa yammacin jihar North Carolina, hanyoyi suka yanke, wayoyin hannu suka mutu, rifitar da ke bisa dutsen Mitchell, mai tsawo fiye da mita 2,000, ta yi kwanaki tana ɗaukar saƙon masu neman agaji da masu cigiyar 'yan'uwansu. A rana irin wannan, rifitar da kunnenta ya toshe tana iya zama sanadin rasa rai.

RASHIN JITUWA

Tsakanin na'ura da eriya akwai kebul, watau waya mai zuciyar jan ƙarfe da rigar ƙarfe kewaye da ita. Na'ura da kebul da eriya kowannensu yana da irin tasa turjiya ga wutar rediyo, ana auna ta da om. Injiniyoyi sun daidaita a kan om 50 don irin wannan aiki. In duka ukun om 50 ne, ƙarfin da ya isa ga eriya duk sai ta karɓe ta watsa. In eriya ta kauce daga om 50, sai ta karɓi wani ta komo da wani.

Mun sha nuna wa ɗalibai wannan a filin makaranta da igiyar guga. A ɗaura bakinta ɗaya a jikin bishiya, a kaɗa ɗayan, sai a ga taguwa ta tafi ta bugi bishiya ta komo. In aka ci gaba da kaɗawa, mai tafiya da mai komowa su haɗu, wani wuri igiya ta riƙa tsalle ƙwarai, wani wuri ta tsaya cik. Haka ke faruwa cikin kebul, kuma ma'aunin da ake kira SWR shi ke faɗin girman wannan bambanci. In ya nuna 1, ba abin da ke komowa. In ya nuna 1.5, kashi 4 cikin 100 na ƙarfi ke komowa. In 2 ne, kashi 11. In 3 ne, kashi 25, watau kwata. Na'urorin zamani kuwa, da zarar sun ji komowar ta yi yawa, sai su rage ƙarfinsu da kansu don kada su ƙone.

AIKIN AKWATIN DAIDAITAWA

Akwatin daidaitawa naɗin waya ne da kondensa, da maɓallan murɗawa. Aikinsa ya sa na'ura ta ga om 50 ko da abin da ke bayansa ba om 50 ba ne. Ba mu ce ba shi da amfani ba. Wani injiniya na kamfanin RCA, Walter Maxwell, mai lamba W2DU, ya yi dogon bayani a mujallar QST tun daga 1973, daga baya ya tattara shi cikin littafi a 1990, inda ya nuna cewa ƙarfin da ya komo ba ɓacewa yake yi ba: akwatin yana sake tura shi sama, har eriya ta karɓe mafi yawansa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa a gajeren zango, daga megahaz 1.8 zuwa 30, inda kebul ba ya cin ƙarfi da yawa, mutum yakan yi aiki da waya ɗaya a zanguna dabam dabam da taimakon akwati, ya sami biyan bukata.

Amma akwai sharaɗi. Abin da akwati ya gyara shi ne tsakaninsa da na'ura. Daga bayansa har zuwa ƙwanƙolin hasumiya, rashin jituwa yana nan yadda yake, ƙarfi yana hawa yana saukowa cikin kebul. Kowane hawa da kowace saukowa kuwa kebul sai ya ci rabonsa, kamar mai ɗiban ruwa da salka mai yoyo. A megahaz 145 yoyon yana da yawa. Ban da wannan, yawancin akwatunan da ke hannun mutane na gajeren zango ne, ba su ma aiki a zangon mita 2. Amma mu ɗauka an sami wanda aka ƙera domin zangon, mu ga abin da zai haifar.

GA LISSAFI

Mu ce bakin rifita yana tura wat 50 cikin kebul irin wanda ake kira RG-213, mai tsawon ƙafa 100, watau wajen mita 30. A megahaz 145 wannan kebul yana cin kusan rabin abin da aka ba shi, mu ɗauka rabi ne cif don sauƙin lissafi.

In eriya lafiya take, wat 25 ke isa gare ta, ta watsa duka.

In eriya tana nuna SWR 3 kuma ba akwati, wat 25 su isa, ta komo da kwata, ta watsa wat 18 da kwata uku. Wat 6 da kwata da ta komo da su, kebul ya ci rabi a hanya, wajen wat 3 su iso ƙasa.

In aka sa akwati, waɗannan wat 3 su ne zai sake turawa sama. Kebul ya ci rabi, eriya ta karɓi kashi uku cikin huɗu na saura. Bayan an gama dukan kai da kawowa, abin da eriya ta watsa wat 20 ne.

To, ga ribar akwati ke nan: wat 1 da kwata, tun kafin a cire abin da shi kansa akwatin ke ci. Ba kunnen da zai ji wannan bambanci. Da an gyara eriya da an sami wat 25. Da kuma an haɗa da sauya kebul, aka sa mai ƙarfi na rabin inci mai rigar jan ƙarfe tsantsa, wanda asararsa a wannan tsawo ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar ba, da eriya ta watsa fiye da wat 40. Watau ninki biyu na abin da akwati ya bayar.

ALLURA MA TANA RUƊIN MUTUM

A cikin wannan lissafi akwai wani abin lura. Eriya tana nuna 3 a sama, amma wanda ya auna daga ƙasa ba 3 zai gani ba, wajen 1.7 zai gani, domin kebul ya ci rabi a hawa, ya kuma cinye rabin abin da ya komo. In kuwa allura ta nuna 3 daga ƙasa a kan kebul mai cin rabi, to, ma'anarsa ita ce komai komowa yake yi, watau eriya ta tsinke ko ta haɗe baki ɗaya. Siririn kebul irin RG-58 ya fi haka ruɗi. Mai ƙafa 100 yana cin kusan kashi uku cikin huɗu, saboda haka ko iska ta ɗauke eriya ta jefar da ita cikin gona, allura a ƙasa ba za ta kai 2 ba.

Ashe ke nan kwanciyar allura ba shaidar lafiya ba ce. Wanda ya sa akwati ya kwantar da ita kuwa ya toshe bakin ɗan shaidar da ya rage masa. Mu malamai mun san irin wannan. Ana iya sauya maki a takardar sakamako, uba ya gani ya yi murna, amma yaro bai iya karatu ba, ranar wanka kuma ba a ɓoye cibi.

INDA RIFITA TA BAMBANTA

Duk abin da muka faɗa ya shafi kowane rediyo. Rifita kuwa tana da nata ƙarin damuwa guda uku.

Na farko, layi biyu take aiki da su a lokaci ɗaya, akwati kuwa a kan ɗaya ake murɗa shi. Kebul ɗin nan mai ƙafa 100 yana ɗauke da taguwa wajen 22 a jere. In aka gusa da kilohaz 600, yadda taguwar da ta komo ke isowa ƙasa yana sauyawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na cikakken zagaye. Saboda haka in an murɗa akwati har layin baki ya nuna 1, a lissafe layin kunne yana nan wajen 1.7 ko ma ya ɗan ɗara. An gyara wa baki, kunne bai sami komai ba.

Na biyu, maganar dufleksa. Rifita tana watsa wat 50, a daidai wannan lokaci tana sauraron muryar da ƙarfinta bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na kashi ɗaya cikin biliyan na wat ba. Kamar mutum ne yana busa kakaki yana kuma sauraron tafiyar tururuwa. Abin da ke sa wannan ya yiwu shi ne dufleksa, wasu dogayen gwangwanaye na ƙarfe, huɗu ko shida, kowanne wajen ƙafa 2, waɗanda ke hana ƙarar baki shiga kunne, suna rage ta da desibel 80 ko fiye, watau sau miliyan 100. Ana saita su ne bisa tsammanin om 50 a kowace ƙofa. In layin kunne ya ga wani abu dabam, saitin na iya gurɓata, ƙarar baki ta tsiyayo, kunne ya dushe. Masu wannan sha'awa suna yi wa irin wannan rifita laƙabi da kada: ga ƙaton baki, kunne kuwa ba labari. Ana jinta garau daga nesa, amma mai oba-oba yana ta kira ba ta jinsa.

Har wa yau, duk inda ƙarfe biyu suka taɓa juna sako-sako, ko tsatsa ta shiga tsakaninsu, wurin yakan haifar da ƙaraf-ƙaraf idan ƙarfin baki ya ratsa shi, wannan ƙara kuwa kai tsaye take faɗawa cikin kunne. Rediyon da ke magana sa'an nan ya saurara ba ya jinta, amma rifita dole ta ji. Akwatin daidaitawa cike yake da irin waɗannan wurare, maɓallai da makunnai da kusoshi, jikinsa kuma ba a toshe yake sosai ba. Sa shi a hanyar eriya ƙara wa Barno dawaki ne.

Na uku, rifita ba ta da mai tsaro. Mai rediyo a ɗakinsa yana kallon allura, in ta motsa ya murɗa. Rifita kuwa tana can bisa dutse dare da rana, wani lokaci ta yi sa'o'i tana magana ba hutu. In abin da ya kawo rashin jituwa ruwa ne cikin kebul ko tsagewa cikin eriya, to, sauyawa zai riƙa yi da rana da raɓa da iska. Saitin safe ba zai kai la'asar ba, ciwo kuma yana ta ci ba wanda ya sani.

INDA DAIDAITAWA TA HALATTA

Don kada mu yi rashin adalci, akwai wurare da daidaitawa ke da gurbi a rifita. Akwai wani ɗan ƙaramin akwati rufaffe da ake sawa tsakanin baki da dufleksa, don bakin ya ga om 50 sosai. Wannan layi ɗaya ke bi ta cikinsa, kunne ba ruwansa da shi. Akwai kuma aisoleta, wadda take kamar ƙofa mai hanya ɗaya: ƙarfi ya wuce zuwa eriya, wanda ya komo ta karkatar da shi ya zama zafi, na'ura ta tsira. Garkuwa ce mai kyau, amma ba ta ƙara wa eriya lafiya.

In kuwa eriya ƙalau take, sai dai turjiyarta ba om 50 ba ce, to, a daidaita ta a can gindinta, inda kebul ya haɗu da ita, da guntun kebul da aka auna ko sandar ƙarfe, a like da dalma a rufe daga ruwa. Ta haka dukan tsawon kebul yana ganin om 50, ba hawa da saukowa. Taswirar da Phillip Smith ya fitar a cikin 1939 har yau da ita ake wannan lissafi.

YADDA ZA A GANO CIWON

Da fari a jarraba kebul shi kaɗai. A cire eriya, a ɗaura eriyar gwaji mai om 50 a can sama, a auna ƙarfin da ya shiga ƙasa da wanda ya fito sama. In asara ta wuce ƙa'ida, ko aka ga jan ƙarfe ya yi kore ko baƙi, ruwa ya shiga, sai sauyawa.

Na biyu, a auna eriya a gindinta. Yanzu akwai 'yan na'urori masu araha irin NanoVNA, masu shiga aljihu, da ke zana SWR a faɗin zango duka. A dubi inda zanen ya fi yin ƙasa. In a wajen megahaz 155 ko 160 ne, to, eriya lafiyarta lau, ba ta wannan zango ba ce. Wannan ya yawaita, domin eriyoyin da kamfanoni ke saukewa galibi na megahaz 150 zuwa 174 ne. Ko shahararriyar eriyar nan DB224 iri-iri ce, akwai ta megahaz 150 zuwa 160, akwai ta 138 zuwa 150, ta biyun ita ce ta masu sha'awa. Sandar eriya mai rabin taguwa a megahaz 160 wajen santimita 89 ce, a 145 kuwa wajen 98. Wannan santimita 9 ba akwatin da zai haifar da ita daga ƙasa. In kuwa zanen bai yi ƙasa ko'ina ba, ko yana rawa in an girgiza eriya, to, wani abu ya karye a ciki, watakila tsawa ce ta taɓa ta.

Na uku, a duba mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure, a naɗe da abin hana ruwa. A duba kuma ko eriya ta matsu da ƙarfen hasumiya fiye da yadda maƙeranta suka ce. Duk wanda zai kafa rifita a ƙasashenmu sai ya ninka kula a nan, gama ga zafin rana mai fasa rigar kebul, ga ƙurar hunturu, ga ruwa da tsawa na damina.

Hawan hasumiya kuwa ba aikin ganganci ba ne. A kashe na'ura tukuna, a ɗaura ɗamarar hawa, kada mutum ya hau shi kaɗai, kada a hau in hadari ya taso. In ba halin gyara nan da nan, a rage ƙarfin baki, a ɗora ƙaramar eriya ta wucin gadi, sanda ɗaya tsaye mai santimita 49 da huɗu kewaye da gindinta. Ba ta kai babbar nisa ba, amma ta jitu da kebul, kuma kunne zai zauna lafiya.

Saboda haka shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce, ranar da allura ta tashi a gode mata, gama gaskiya ta faɗa, a bi ta har inda ciwon yake. Wahalar hawa ta yini ɗaya ce. Rifita kuwa ana kafa ta ne saboda wani mutum da ba a sani ba, mai ƙaramin rediyo da batir ya kusa ƙarewa, wanda wata rana zai yi kira daga nesa yana neman taimako. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa a ji shi ranar da ya kira, amin.